Farashin sabbin fulat a Abuja da Kano: shin lamunin NHF da MREIF zai kai mai albashi ga mukulli?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum. Tallan sabbin benaye ya cika mana waya: fulat mai ɗaki biyu da falo, ka ba da kashi 10 kafin alƙalami, sauran ka biya a hankali. Ga kuma maganar lamunin gwamnati mai sauƙin ruwa da ake ta yi. Masana harkar da ke cikin wannan zaure, don Allah ku warware mana. Me ya tayar da farashin fulat haka? Kuma mai albashi zai iya mallaka ta lamunin nan kuwa?

Mai Ƙiyasin Gini:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Bari in ɗauki ɓangaren farashi, 'yan banki su ɗauki nasu.

Tashin ya samo asali ne daga tsakiyar 2023. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni kuma aka saki naira, dala ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati har ta haura N1,500. Buhun siminti da ake saye ƙasa da N5,000 ya haura N10,000 a Fabrairun 2024, har sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin siminti. Rodi ya bi sahu. To bene ba kamar gidan ƙasa ba ne, rodi da kankare yake ci: ginshiƙai, dakin (wato rufin kankare) na kowane hawa, matakala. Sannan kayan gamawa, wato tayil, ƙofofin ƙarfe, kayan bayi, wayoyin wuta, gilashi, yawancinsu daga waje suke zuwa ko kuma da dala ake sa musu kuɗi.

Akwai kuma abin da mai saye ba ya gani da ido amma yana biyansa. Kamfanin da ya ci bashin banki da ruwa kashi 25 ko fiye ya yi shekara biyu yana gini, wannan ruwan a cikin farashin fulat ɗinka yake. Haka titin cikin rukunin, magudanar ruwa, taransifoma da burtsatse.

Misali mafi bayyana shi ne na gidajen Renewed Hope, shirin gidaje na gwamnatin tarayya. Ministan gidaje na lokacin, Ahmed Musa Dangiwa, ya bayyana a 2024 cewa ciki da falo a rukunan da aka gina da kuɗin kasafi, irin gidaje 250 na Katsina, Sakkwato, Gombe da Yobe, yana kamawa naira miliyan 8 zuwa 9, amma wanda 'yan kasuwa suka gina da haɗin gwiwar gwamnati yana kai wajen miliyan 22. A na farko jiha ce ta ba da fili kyauta, gwamnati ta ɗauki nauyin titi da wuta, babu ruwan banki. A na biyu duk mai saye ne ke ɗauka. Karsana da ke Abuja, mai gidaje 3,112 da aka aza harsashinta a Fabrairun 2024, tana cikin kashi na biyu.

'Yar Bankin Jingina:
Madalla da wannan bayani, Malam. Ni kuma abin da nake so 'yan'uwa su riƙe shi ne, kada farashin da ke kan takardar talla ya ɗauke muku hankali. Abin da za a riƙa cira a albashi kowane wata shi ne ainihin magana.

Hanyoyi uku ne a gaban mai neman lamuni.

NHF, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda FMBN, bankin jingina na gwamnatin tarayya, ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 na gundarin albashi kowane wata. Wanda ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci nema. Ruwa kashi 6 ne a shekara, wa'adi har shekara 30. Da iyakarsa miliyan 15, a 2025 aka ɗaga zuwa miliyan 50.

MREIF, asusun lamunin gidaje da MOFI, hukumar da ke riƙe da jarin gwamnatin tarayya, ta kafa, ana karɓa ta bankunan da suka shiga tsarin. Ruwa kashi 9.75, ba ya canzawa, wa'adi har shekara 20, kafin alƙalami kashi 10.

Sai lamunin bankin kasuwa, wanda ke bin ma'aunin ruwa na Babban Banki. Ma'aunin ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, don haka kashi 25 ma sauƙi ne a wurinsu.

A ce fulat na miliyan 40. Ka ba da miliyan 4, ka ci bashin miliyan 36 na shekara 20. A NHF za ka riƙa biyan kusan N258,000 a wata. A MREIF kusan N341,000. A kashi 25 kuwa kusan N755,000. Kuma ƙa'ida ita ce biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da ke shigo maka. Ke nan NHF na buƙatar mai samun wajen N774,000 a wata, MREIF mai samun sama da miliyan ɗaya.

Baban Khalifa:
Hajiya, ma'aikaci nawa ne ke ɗaukar N774,000? Ke nan ɗaga iyakar zuwa miliyan 50 bai amfani ƙaramin ma'aikaci da komai ba.

'Yar Bankin Jingina:
Gaskiyarka. Shi ya sa nake cewa a fara lissafi daga albashi, a gangaro zuwa gida. Ga ma'auni mai sauƙin riƙewa: a ruwa kashi 6, kowace miliyan ɗaya tana cin kusan N6,000 a wata in shekara 30 ce, N6,450 in shekara 25 ce, N7,200 in 20 ce, N11,100 in 10 ce.

Mai shekara 35 da ke ɗaukar N200,000, sulusinsa wajen N66,000 ne, shekara 25 ta rage masa kafin ya kai 60. Abin da zai samu bai wuce miliyan 10 da ɗan ɗoriya ba. Wannan zai kai shi ciki da falo na miliyan 8 zuwa 9, ba zai kai shi na miliyan 22 ba. Mai mafi ƙarancin albashi na N70,000 kuwa, ko an ba shi shekara 30 cur, bai kai miliyan 4 ba.

Shekaru na da muhimmanci ƙwarai. Wa'adin 30 ɗin nan ba na kowa ba ne, ana yanke shi ne daidai da lokacin ritaya. Mai shekara 50 shekara 10 kawai za a ba shi, biyan watansa ya kusa ninka na matashi a kan bashi iri ɗaya. Mutane da yawa sai sun kusa ajiye aiki suke tuna asusun, lokacin ƙofar ta riga ta ƙuntata.

Maman Ilham:
Hajiya, miliyan 4 ɗin kafin alƙalami ma ai aiki ce. Akwai wata hanya?

'Yar Bankin Jingina:
Akwai, 'yar'uwa. Tun Satumbar 2022 hukumar kula da fansho, PenCom, ta ba da damar a ciri har kashi 25 na abin da ke asusun fansho a biya kafin alƙalamin gidan zama. Sharuɗɗan: an yi wata 60 ana zuba miki fansho, kuma saura aƙalla shekara 3 ki yi ritaya. Kuɗin ba ya shiga hannunki, daga kamfanin fansho yake wucewa bankin jingina. Miji da mata na iya haɗa nasu. Sai dai a tuna abin da aka cira yau zai rage fanshon gobe.

Matakan NHF kuma ga su. Ki fara duba ko zubinki yana isa FMBN, ta lambar *219#. Nan ne matsala ta farko: ana cirewa a takardar albashi amma ma'aikata ba ta turawa, ko an tura da lambar da ba taki ba. Sai an gyara wannan kafin komai. Daga nan ki zaɓi bankin jingina da FMBN ta amince da shi, domin ba kai tsaye take ba mutum ba. Za su nemi takardar tayin sayarwa daga kamfanin, kwafin takardar mallaka, zanen gini da hukuma ta amince da shi, rahoton mai ƙimanta gida, shaidar biyan haraji ta shekara 3, da takardun albashi na watannin baya.

Wurare biyu aka fi tuntuɓe. Na ɗaya, amincewar tana ɗaukar watanni, takardar tayin kamfani kuwa wa'adinta gajere ne, kafin kuɗi su fito an ƙara farashi ko an sayar wa mai tsabar kuɗi. Na biyu, mai ƙimantawa ya ce fulat ɗin miliyan 34 ya kai alhali kamfani na cewa 40. Banki da ƙimar zai yi aiki, giɓin miliyan 6 a wuyanki yake.

Lauyan Filaye:
Hajiya ta ambaci takardar mallaka ta wuce da sauri, amma a nan gizo ke saƙar. Lamunin da ake ƙi a kan takarda ba kaɗan ba ne.

Fulat ba fili ba ne. Iyalai goma sha biyu ne a kan fuloti ɗaya mai satifiket ɗaya da sunan kamfani. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, a Abuja kuma minista, satifiket ɗin yawanci na shekara 99 ne, kuma sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da sahalewarsa. Abin da mai fulat ke buƙata shi ne yarjejeniyar da ta yanko masa nasa kason daga babban satifiket ɗin, da sahalewa, da rajista a ofishin filaye. Rasit da takardar rabo mai tambarin kamfani ba mallaka ba ce. Banki ba zai karɓe su jingina ba.

Kafin ka ba da ko sisi, Baban Khalifa, ka sa lauyanka, ba na kamfani ba, ya yi bincike a ofishin bayanan filaye, wato AGIS in Abuja ce, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna. Abin da zai nemo: sunan wa ke kan satifiket, an biya harajin ƙasa, filin na gidajen zama ne ko an ware shi don wani abu, kuma mafi girma, shin an riga an jinginar da satifiket ɗin ga bankin da ya ba kamfani bashin gini? In an jinginar, ka biya kuɗinka cas amma kamfani ya gaza biyan bankinsa, bankin yana gabanka a kan ginin. Maganinsa shi ne takarda daga bankin da kansa cewa zai saki fulat ɗinka da zarar kuɗinka sun shiga asusun da ya ayyana.

A Abuja a kula da takardun da ƙananan hukumomi suka bayar. Ikon raba fili a babban birnin tarayya na minista ne kaɗai. A Kano kuma a kula da benen da aka ɗora a filin awon igiya ba tare da izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA ba.

Sannan a ware kuɗin kammala takarda. La'adar dillali da kuɗin lauya, a al'ada kowanne kashi 5, ga harajin hatimi, kuɗin sahalewa, rajistar jingina, ƙimantawa da inshora. Wanda bai tanadi kashi 10 zuwa 15 a kan farashin ba, to zai tsaya a tsakiyar hanya.

Ɗan Kantin Kwari:
Ranka ya daɗe Barista, duk na ji, amma ni ban yarda da tushen maganar ba. Me zai sa mutum ya ɗaure kansa shekara 20 a kan ɗakunan da ke rataye a sama, babu tsakar gida, babu zaure, ba wurin ɗaure ragon layya, ba damar ƙara ɗaki in iyali sun yawaita? Hajiya ta ce N341,000 a wata. A shekara 20 kusan miliyan 82 ke nan a kan bashin miliyan 36. Da wannan kuɗin wata-watan mutum zai sayi fili a Janguza ko Gunduwawa, ya yi katanga, ya buga bulo, ya ɗora ciki da falo ya shiga, sauran ya bi a hankali. Haka iyayenmu suka yi gidajensu.

Mai Ƙiyasin Gini:
Alhaji, a Kano maganarka tana da ƙarfi, ban musa ba. Fili na samuwa, magina na da sauƙi, kuma zaman bene bai shiga jinin mutane ba, don haka sake sayar da fulat ya fi wuya. Amma ka sa abu biyu a lissafi. Mai gini a hankali yana biyan haya duk tsawon shekarun ginin, kuma kayan gini ba sa jiransa: wanda ya tsaya a linta a farkon 2023 ya dawo yin rufi a 2024, ya tarar kuɗin da ya tanada rabin aikin za su yi. Shi kuwa mai bashin da ruwansa ba ya motsi, N341,000 ɗin yau ita ce ta shekara 15 masu zuwa, lokacin da darajarta ta ragu sosai. Hauhawar farashi mai bashi take taimaka wa a irin wannan tsari.

A Abuja kuma lissafin daban ne. Fili mai ingantacciyar takarda a Jahi, Katampe ko Gwarimpa ya fi ƙarfin mai albashi nesa ba kusa ba. Fulat ne kaɗai ke raba tsadar filin gida goma sha biyu.

Malamin Fiƙihu:
Jama'a, akwai abin da ya fi duk wannan lissafi nauyi a wurin da yawa daga cikinmu. Bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, kashi 6 ne ko kashi 25. Ƙanƙantarsa ba ta canza hukuncinsa. Bai kamata a yi ta jera alƙaluma a bar wannan a gefe ba.

'Yar Bankin Jingina:
Allah ya gafarta Malam, daidai ne a kawo shi, kuma shi ne dalilin da ya sa ma'aikata da yawa a Arewa ake cire musu NHF shekara da shekaru ba su taɓa nema ba, sai dai su jira a mayar musu da zubinsu bayan ritaya. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna nan: Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. FMBN ma tana da tsarin haya zuwa mallaka, inda gidan ke hannunta, kana biyan haya wata-wata ko shekara-shekara har ya zama naka, babu kafin alƙalami. Amma Malam ya fi ni sanin abin da za a duba a yarjejeniyar.

Malamin Fiƙihu:
Suna ba ya halatta ciniki, abin da ke cikin takardar ne abin dubawa.

A murabaha banki ya sayi fulat ɗin ya mallake shi tukuna, sannan ya sayar maka da riba sananniya. Farashin ya tsaya a ranar ƙullawa, ba ya ƙaruwa don ka makara. In ba su mallaka ba suka tura maka kuɗi kawai, bashi ne aka canza masa riga.

A ijara mai ƙarewa da mallaka, gidan na banki ne kana haya. To mai gida ne ke ɗaukar manyan gyare-gyare da takaful, wato inshorar Musulunci, na ginin, kuma ba a fara karɓar haya sai an miƙa gidan da za a iya zama a ciki. Haya a kan kangon da ba a gama ba ba ta inganta, sai in an tsara ta da sharuɗɗan da malaman bankin suka tantance. Alkawarin mallakarwa kuma a takarda daban yake zama.

A musharaka mai raguwa kun yi tarayya, kana sayen kason banki kaɗan-kaɗan kana biyan hayar abin da ya rage nasa. Ginin da ba a fara ba kuwa, istisna'i ne ya dace da shi: a fayyace siffa, girma, kayan aiki da ranar miƙawa.

Ku tambayi ina tarar jinkiri take zuwa. A tsarin da ya inganta sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Kuma kowane irin wannan banki yana da kwamitin malamai masu ba da shawara, kuna da haƙƙin ganin amincewarsu a kan tsarin. Abu ɗaya kada a ruɗe a kansa: halacci ba ya nufin araha. Ribarsu tana bin kasuwa, sau da yawa ta fi kashi 6 nesa.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Malam. To masu cewa a saya tun ana harsashi, ya fi sauƙi fa?

Lauyan Filaye:
Ya fi sauƙi, Hajiya, domin ke ce kike ba kamfani jari ba ruwa, kuma ke ce ke ɗaukar kasadar. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe sama da mutum 40, ana cikin gininsa ne ana tallan fulat ɗinsa.

In za a shiga, a ɗaure biya da matakin aiki, ba da kwanan wata ba: kaza bayan harsashi, kaza bayan dakin na hawanki, kaza bayan rufi, kaza bayan fulasta da wayarin, a riƙe kashi 5 har wata 6 bayan karɓar mukulli. A nemo sakin layin da ya ba kamfani damar ƙara farashi in kaya sun tashi. Ko a cire shi, ko a sa masa iyaka a rubuce. A rubuta abin da zai faru in sun makara, da yadda za a mayar da kuɗi da kuma cikin kwana nawa. A rubuta lambar fulat, hawa, faɗinsa a murabba'in mita da wurin ajiye mota. A kuma tantance “gamamme” ko “kango”, domin wasu farashin masu sauƙi na kango ne, babu tayil, babu silin, babu kayan bayi.

Injiniyan Gini:
Bari in ƙara abin da ido zai gani. Ku ziyarci wurin ana cikin aiki, ba ranar da aka share don baƙi ba. Ku ɗaga bulo ɗaya daidai ƙirji ku sake shi. Mai kyau zai tsaya ko ya rabe biyu, wanda aka buga 45 ko 50 da buhu ɗaya zai watse ya zama yashi. Bulo mai inci 9 bai kamata ya wuce 30 a buhu ba. Ku tambayi sakamakon gwajin ƙasa da na kankare na kwana 28, ku ƙirga hawan da aka gina ku gwada da wanda hukuma ta amince. Ƙara hawa a kan harsashin da ba a tsara masa ba yana cikin manyan dalilan rushewar gini.

Lokacin duba gamammen fulat kuwa damina ce, Agusta in da hali. Ku kalli silin ɗin bayi, in akwai tabon ruwa mai launin ƙasa, bayin na sama ne ke yoyo, kuma gyaransa sai an fasa tayil ɗin maƙwabci. Ku shafa ƙasan bango, in fenti na kumbura yana zubar da farin gari, danshi ne ke hawowa. Ku buɗe famfo a hawa na ƙarshe ku ga ƙarfin ruwa. Ku tsaya a bakin ƙofar rukunin bayan an ɗauke ruwan sama ku ga ina yake bi. Ambaliyar rukunin Trademore a Lugbe a Yunin 2023 da wadda ke addabar sassan Lokogoma sun isa a gane cewa gida mai kyau a hanyar ruwa asara ce.

Ɗan Kantin Kwari:
Injiniya, kuma ko an gama biya ai ba a huta ba, tunda akwai kuɗin hidima na shekara-shekara.

Lauyan Filaye:
Haka ne, Alhaji, kuma banki ba ya sa shi a lissafin sulusin albashi, mai saye ne zai sa da kansa. Man janareta, masu gadi, kwashe shara, yashe sokawe, famfon burtsatse, lifta in akwai. A nemi kasafin shekarar a rubuce tun kafin saye, a ga yadda ake raba shi, daidai-wa-daida ne ko gwargwadon girman fulat. A tabbatar kowa da mitarsa daga kamfanin rarraba wuta. Inda mita ɗaya ce ga duk rukunin, mai kula da wurin ne ke sayar muku da wuta a farashin da ya ga dama, kuma bashin maƙwabci na iya jawo a yanke ta kowa.

A yarjejeniyar a rubuta ranar da kamfani zai miƙa ragamar wurin ga ƙungiyar masu fulat, da asusun ajiya na manyan gyare-gyare. Rufin bene na kowa ne, amma in ya fara zuba na hawan ƙarshe ne kaɗai ke jiƙewa, na ƙasa kuwa ba sa gaggawar ba da kuɗi. In babu asusu da ƙa'idar da ta tilasta kowa, a kotu ake ƙarewa.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Hajiya, tambaya ta ƙarshe: in mai bashin ya rasu kafin ya gama biya, iyalinsa fa?

'Yar Bankin Jingina:
Ana haɗa lamunin da inshorar rai da ta gobara, a bankunan Musulunci kuma takaful. In mai bashi ya rasu, ita ce ke biyan abin da ya rage, fulat ɗin ya shiga gado. Amma sai in tana raye a ranar. Wasu bankunan shekara-shekara suke sabunta ta daga asusunka, in babu kuɗi a ciki ranar sabuntawa ta faɗi ba tare da ka sani ba. Ka karɓi kwafin takardarta kowace shekara, ka ajiye tare da yarjejeniyar gidan, ka kuma nuna wa maman Khalifa inda suke.